Hatimi Mai Girman Ƙofar Zaure: Yadda Leza da Injin Sassaƙa Suke Yin Allon Buga Zane

Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba. Daga Falgore nake magana, Falgoren ƙasar Rogo, ba ta dajin nan da ke kan hanyar Jos ba, don na san akwai masu haɗa mu.

Yau maganar hatimi za mu yi. Ku ɗauki hatimin da hedimasta yake buga wa takardar shaida, ku juya shi ku kalli cikinsa. Abu biyu za ku gani. Haruffan sun yi tudu, an rarake duk abin da ke kewaye da su. Sannan a juye suke, kamar rubutun da aka nuna wa madubi. Tudun ne yake ɗaukar tawada ya ajiye ta a takarda, ramin kuwa ba ya taɓa komai, shi ya sa wurinsa yake fitowa fari. To yanzu ku ɗauki wannan hatimin a zuci, ku faɗaɗa shi har ya kai girman ƙofar zaure, a yi shi da katako maimakon roba, a shafa masa tawada, a shimfiɗa masa takarda ko yadi a danne. Shi ne abin da zan riƙa kira allon bugu a cikin shirin nan. Tambayar ita ce, yaya ake rarake allo mai wannan girman ba tare da mutum ya share watanni yana sassaƙa ba? Injina biyu ne masu zane suka koma wa a 'yan shekarun nan: leza, wadda take ƙona itace da haske, da injin sassaƙa mai bin umarnin kwamfuta, wanda masu sana'ar suke ce wa CNC.

Kafin mu shiga injin, ku sani cewa sana'ar ta girmi injin da fiye da shekara dubu. Littafin da ya fi kowane tsufa cikin waɗanda aka buga kuma suke ɗauke da kwanan wata, a ƙasar Sin aka yi shi a shekarar 868, da allon katako, yana ɗakin karatu na Birtaniya a Landan yanzu haka. A Koriya akwai alluna fiye da 80,000 da aka sassaƙa a ƙarni na 13, har yau suna jere a wani wuri da ake kira Haeinsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Masar. Tun wajen ƙarni na 10 akwai masu buga layu da irin wannan hatimi, da rubutun Larabci ƙanana, suna kiran sana'ar ɗarsh. Wato laya bugaggiya ta riga injin Gutenberg da ɗaruruwan shekaru.

Ta fuskar girma kuwa, labarin da ake yawan kawowa shi ne na Albrecht Dürer, mai zanen nan na Jamus. Sarki Maximilian ya sa aka yi masa hoton wata ƙatuwar ƙofar nasara mai ɗauke da shekarar 1515. Tsayinta ya kai mita uku da rabi, faɗinta kusan mita uku. Ba allo ɗaya ba ne, alluna ne fiye da 190 aka sassaƙa, aka buga a manyan takardu 36, aka manne su. Kuma ba Dürer ba ne ya riƙe wuƙa. Shi da mataimakansa zane suka yi, wani gwanin sassaƙa mai suna Hieronymus Andreae da mutanensa ne suka shafe wajen shekara biyu suna yankan katakon. Ku riƙe wannan, don zai yi mana amfani: tun asali mai zane daban, mai sassaƙa daban. Masu cewa wanda ya kai zanensa wajen inji ya yi ha'inci, sai su fara da Dürer.

Mu nan fa? Ba mu gaji buga takarda da allon katako ba, da hannu malamanmu suka kwafi littattafansu. Amma in ka tsaya ka duba, duk sassan sana'ar muna da su a warwatse. Muna da masassaƙa, masu gizago, waɗanda suka san ƙirya ce itacen turmi, aduwa kuma ta allon karatu, suka san inda itace zai tsage tun kafin ya tsage. Muna da masu zanen ƙwarya, waɗansu da wuƙa suke kankara, waɗansu ƙarfe suke sa wa a wuta su ƙona zanen a jikinta. Muna da dukawa masu buga ado a fata da ɗan ƙarfe mai zane a baki. Muna da masu zayyanar allo, da masu ɗinkin aska takwas, da magina masu yin dagi a fuskar soro. Zanen yana nan, sanin itace yana nan, sanin rini yana nan tun daga karofin Ƙofar Mata. Haɗa su wuri ɗaya ne ba mu yi ba.

'Yan uwanmu na zangon Kumasi sun ga yadda maƙwabtansu suka haɗa nasu. A garin Ntonso ana sassaƙa ƙananan hatimai daga sakainar ƙwarya, a tsoma a wani baƙin rini da ake dafawa daga ɓawon itace, a buga a yadi, shi ne adinkra. Kuma nan kusa da mu, a Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Cikinsu akwai Bruce Onobrakpeya, wanda ya zama babban sunan Najeriya a fannin zanen bugu, ya yi aiki da katako da linoliyam, ya kuma ƙirƙiro salon kansa. Daga Rogo zuwa Zariya ai ba tafiya ba ce. Amma ku tambayi matasa goma a nan ko sun taɓa jin sunansa.

To, mu zo kan injin.

Leza tukuna. Irin wadda ake yankan katako da ita, wata doguwar kwalbar gilashi ce mai iskar kabon a ciki. Wani masani ɗan asalin Indiya, Kumar Patel, ya ƙirƙiro irinta a Amurka a 1964. In aka ba ta wuta sai ta fitar da haske wanda ido ba ya gani, madubai uku su karkata shi, wani ɗan gilashi ya tattara shi a ɗigo ɗaya da bai kai kaurin zare ba. Duk wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girma a rana ya gane abin. Ko kuma ku ce ƙarfen mai zanen ƙwarya ne, sai dai ba ƙarfen, zafin kawai ya rage. Aiki iri biyu take yi. Tana iya bin layi ta yanke katako gida biyu. Tana kuma iya kai da komo kamar firinta, layi bayan layi, tana ƙona duk inda aka ce a ƙona, tana tsallake inda aka ce a bari. Wannan na biyun ne yake haƙa mana rami.

Kyawunta shi ne ƙanƙantar bakinta. Rubutu ƙanana, ɗige-ɗigen hoto, siraran layukan zayyana, duk tana fitar da su tsaf. Muninta kuwa lokaci. Bari mu yi lissafi tare. A ce allonka santimita 120 ne a 90, injin kuma yana barin tazarar kashi ɗaya cikin goma na milimita tsakanin layi da layi. Layi 9,000 ke nan. In yana gudun santimita 30 a daƙiƙa, kowane layi daƙiƙa huɗu zai ci. Ku haɗa: daƙiƙa 36,000, awa goma cur, ba a sa lokacin da kan injin yake juyowa ba. Kuma ramin da za ta bari bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Awa goma a kan janareta, ku kiyasta man da kanku. Sannan yawancin injinan da ake samu faɗin teburinsu bai wuce santimita 130 a 90 ba, waɗansu ma 60 a 40 ne. Ƙofar zaure ba za ta shiga ba.

Shi kuwa injin sassaƙa, gizago ne da aka ba kwamfuta. Asalinsa daga masana'antar jiragen sama yake, a jami'ar MIT ta Amurka aka nuna na farko a 1952, yana karanta umarni daga wata takarda mai huji-huji. Na yau tebur ne babba, da wata gada mai tafiya a kansa, gadar tana ɗauke da mota mai juya wani ɗan haƙorin ƙarfe sau 18,000 zuwa 24,000 a minti. Yana tafiya gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. Irin wanda masu yin ƙofofi da gadaje da allunan talla suke amfani da shi a Kano, teburinsa yakan kai santimita 130 a 250, wato falankin filawud guda, mai ƙafa huɗu a takwas, zai kwanta a kai ba a yanka ba. Waɗannan ƙofofin masu furanni da kuke gani a sababbin gidaje, waɗansu shi ne ya yi su. Injin yana nan tare da mu, ƙofa kawai muka san mu sa shi.

Mu mayar da lissafin ɗazu kansa. Haƙori mai faɗin milimita 6, yana matsawa milimita 3 a kowane zuwa, zuwa 300 zai share wancan allon. Jimillar tafiyar mita 360 ce. In yana yin mita uku a minti, awa biyu ya gama, kuma ramin zai yi zurfin da kake so. Sai dai yana da nasa ciwon. Haƙorin zagayayye ne, don haka ba ya iya shiga lungu mai tsini. Ku tuna zanen dagi, inda zare yake shiga ƙarƙashin zare, duk mahaɗa tana da ƙananan kusurwoyi. In da zagayayyen haƙori kaɗai aka yi, kusurwoyin za su fito a dakushe kamar an lashe su. Maganin shi ne haƙori mai tsini, mai kama da bakin fensir. Shi yana nutsewa in layin ya yi faɗi, yana ɗagowa in layin ya sirance, har ya ƙare a tsinin kusurwa. Manhajar ce take lissafa wannan nutso da ɗagowa.

Wannan haƙori mai tsini yana da wata fa'ida da ba kowa ke lura da ita ba, kuma a nan ne nake ganin sanin masassaƙi ya fi sanin mai kwamfuta. Layin da aka bari a tsaye, in gefensa a miƙe yake kamar katangar bulo ɗaya, matsi kaɗan zai karya shi. In kuwa gindinsa ya fi kansa faɗi, kamar kunyar dankali, sai ya jure bugu ɗari bayan ɗari. Magina na ƙasa sun san wannan, shi ya sa katangar soro take da kauri a ƙasa tana sirancewa sama. Haƙori mai tsini da kansa yake barin irin wannan gindin. Leza ba ta bari sai an gaya mata, akwai wurin da ake kunna wannan a manhajarta, wanda masu yin hatimin roba suke amfani da shi. In mai injin bai san da shi ba, siraran layukanka za su zube tun a bugu na biyar.

To wanne za a zaɓa? Ni dai in allon babba ne, kuma zanen manyan siffofi ne irin namu, injin sassaƙa zan nufa. Leza ta ƙananan wurare ce masu cunkoson ado. Akwai kuma wata dabara da ta fi duka sauƙi a aljihu: kada ka sa leza ta haƙa rami ko kaɗan. Ka sa ta yanko maka siffofin daga siririn filawud mai kaurin milimita 3 ko 4, ka manna su da gam a kan wani falanki mai kauri. Tudu ya samu, rami ya samu, kuma yankan layi minti kaɗan ne. Da wannan dabarar ƙaramin inji ma zai yi maka allo mai girman ƙofa, tunda gunduwa-gunduwa za ka yanko ka jera. Ita ce dai dabarar Dürer ta alluna 190.

Yanzu zanen kansa, wanda shi ne aikinka ba na inji ba. Allon bugu bai san toka-toka ba. Ko baƙi ko fari, ko tudu ko rami. In hoton mutum kake so, sai an mayar da inuwar fuskarsa layuka ko ɗige-ɗige, masu kauri a wurin duhu, sirara a wurin haske. Ku kalli hoton da ke jikin takardar naira da kyau, za ku ga yadda layuka suke yin inuwa. Kana iya zanawa da alƙalami da tawada a takarda, ka ɗauka da waya, a shigar da shi CorelDraw, wadda kusan duk shagon kwamfuta ya sani, ko Inkscape, wadda kyauta ce, a bi layukan a mayar da su irin zanen da inji yake karantawa. Kada layi ya gaza milimita ɗaya, ni ma nakan ce ɗaya da rabi in filawud ne.

Abu biyu suke kunyata mutane a nan. Na farko juyawa. Dole a juya zanen kamar a madubi kafin a sassaƙa. Fure ko dagi ba za su tona maka asiri ba, amma rubutu zai yi, boko ne ko ajami. Na biyu namu ne mu Hausawa kaɗai: haruffa masu lanƙwasa. Ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ a kwamfutarka lafiya lau, ka kai fayil ɗin wata kwamfuta da ba ta da irin rubutun, sai su koma akwati-akwati ko su ɓace, inji kuma bai san Hausa ba, abin da ya gani zai sassaƙa. Ka sa a mayar da duk rubutu zane tun kafin ka bar gida. Ba daɗi a buga wa mutum "kasa" a inda ya ce "ƙasa", a kan allon da ya ci kuɗin buhun masara.

Sai katako. Na san tunanin farko shi ne a nemo maɗaci ko kanya, itace mai tauri da santsi. Don ƙaramin allo, madalla. Japanawa ma da itacen ceri mai tauri suka yi nasu, har da hoton nan na igiyar ruwa na Hokusai da ya zagaye duniya. Amma don babba ba na ba da wannan shawarar. Na ɗaya, ina za ka samu falankin maɗaci mai faɗin ƙafa huɗu yau? Kowa ya ga yadda gawayi da itacen girki suka yi da dazukanmu. Madobiya ma sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a duniya tun 2017, saboda yadda aka kwashe ta zuwa ƙasar Sin. Na biyu, itacen gaske yana numfashi. Da damina ya sha laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ya kantare. Kuma kantarewa kaɗan babbar matsala ce. In haƙorin mai kusurwa 90 ne, duk rabin milimita da allo ya ɗago, layin da ake yanka zai ƙara faɗin milimita guda. Sai ka ga gefe ɗaya na zanen ya yi kauri, ɗayan ya sirance har ya yanke. Shi ya sa filawud mai kyau ko MDF suka fi. MDF garin katako ne da aka matse da gam, ba shi da jijiya, yana yankuwa sumul, sai dai ruwa maƙiyinsa ne, kuma gefensa yana marmashewa. Filawud ya fi ƙarfi amma yana tsagewa a baki in haƙori ya dakushe, na banza kuma yana da kogo a ciki. Ko wanne ka ɗauka, ka shafe fuskarsa da sanfefa mai laushi, ka ba shi fanish siriri kafin yanka da bayan yanka, don kada ya shanye tawada.

A nan zan ɗan tsaya, don wannan maganar lafiya ce. Kada kowa ya sa fileks ɗin fosta, ko ledar tebur, ko bututun ruwa na roba a cikin leza. Yawancinsu da PVC aka yi su, in suka ƙone suna fitar da iska mai guba da take cin huhu, take kuma cin ƙarfen injin. Ƙurar MDF ma ba ta shaƙa ba ce, saboda gam ɗin da ke ciki, a sa takunkumi na gaske. Sannan leza wuta ce a kan itace busasshe. Ba a kunna ta a tafi cin abinci.

Wani zai ce to sai mu haɗa kuɗi mu sayo injin mu kawo Falgore. Ni ban goyi bayan wannan ba, aƙalla ba da farko ba. Kwalbar leza da ruwa ake sanyaya ta, ruwan kuma ana son ya tsaya wajen digiri 20 zuwa 25. Ku tuna zafin watan Afrilu a nan. Madubanta ba sa shiri da ƙura, ku tuna hazon hunturu. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin awa goma, sau da yawa allon ya tashi aiki ke nan. Injin da zai yi aiki kwana biyu a wata ya kwanta kwana ashirin da takwas, asara ce. Abin da ya dace da mu shi ne rabon aikin nan na Dürer. Zane a gida. Yanka a birni, inda injin yake aiki kullum kuma da awa ake biya. Bugu kuma a dawo gida, domin shi bugun ba ya bukatar wutar lantarki ko ta ƙwan fitila. Allo ɗaya, tafiya ɗaya, sannan ka yi shekaru kana bugawa a tsakar gida.

In ka je wajen mai injin, ka tafi da ɗan guntun katakon a fara gwadawa a kai, tafin hannu ɗaya na wurin da ya fi cunkoso. Ka gaya masa ba ƙofa ba ce, fuskar katakon ita ce komai, kada ya goge ta, kada ya kafa ƙusa a cikinta. Ka ce manyan filayen da za su fito fari a zurfafa su, milimita uku ko huɗu, saboda takarda tana lotsawa a wuri mai faɗi ta taɓo ƙasa. In ka dawo gida ka ɗauki wuƙa da kanka, ko ka kai wa masassaƙi, a bi bakin layukan a cire gashin katako, in leza ce a goge toka da burushi. Masu zane da yawa a nan suke ƙara yankan hannu da gangan, don layin inji ya cika daidaituwa, ido yana gajiya da shi. Ni ma ina tare da su. Zanen ƙwaryar da ya fi burge ni ba wanda ya fi miƙewa ba ne.

Bugun kansa fa? Tawadar masu injin buga takardu, mai maiƙo, ita ake murzawa a kan gilashi da rola ta roba har ta yi siririya tana ɗan ƙara kamar ana taka danshin yashi, sannan a shafa wa allo sau da yawa, kaɗan-kaɗan. In ka loda ta za ta cike ƙananan ramuka, aikin awa biyu na inji ya tafi a banza. Yadi kuwa tawadarsa daban, irin ta masu buga riguna. Matsalar babban allo ita ce matsi. Falanki guda ya kai murabba'in santimita kusan 29,000. Ko kilo ɗaya kake son ya hau kowane murabba'i a lokaci guda, tan 29 kake nema. Shi ya sa ba a danne shi gaba ɗaya. Ana bin sa ne kaɗan-kaɗan. A Amurka har biki ake yi, a San Faransisko, inda ake shimfiɗa alluna a titi a bi ta kansu da motar daɓen kwalta. Japanawa kuwa ɗan faifai ne a tafin hannu suke murzawa a bayan takarda. Mu muna da bayan ludayi, da bayan cokali, da dutsen guga. Mutum biyu ko uku su durƙusa, kowa da ɓangarensa, ana ɗaga gefe ana leƙawa ba tare da takardar ta gusa ba. In yadi ne, ku tuna masu bugun shadda da sandunansu, hannun da ya iya wancan ba zai rasa wannan ba. Abu ɗaya dai, duk allon da za a taka ko a bi ta kansa da taya, ko takardar da za ta ƙare a bola, a nisanta su da ayoyi da sunayen Allah.

In launi biyu kake so, allo biyu za ka yi, kuma a nan inji ya fi hannu nesa ba kusa ba, domin daga fayil ɗaya zai yanko su, su hau juna daidai. Ka sa a yanka ɗan lungu a kusurwa ɗaya ta kowane allo inda bakin takarda zai riƙa zama. Japanawa suna kiran wannan alamar kento, da ita suke jera launi goma ba tare da ɗaya ya zame ba.

Me za a buga? Nan ne kowa zai yi nasa tunanin. Yankinmu na rake ne da masara, mazarƙwailarmu tana fita ba suna ba alama, wanda ya saye ta a birni bai san daga ina ta zo ba. Allo mai girman tafin hannu biyu zai buga takardar naɗi dubu. Labule, zanen gado, jakar yadi, kyallen bango na ɗakin amarya mai dagi da aska takwas, waɗanda yanzu bugaggu muke saye daga waje, wani lokaci ma da zanenmu a jiki. Taswirar Najeriya ko jikin ɗan Adam mai girman ƙofa, a buga a yadi a raba wa makarantun firamare goma, in ya yi datti a wanke. Ba na ce zai kori fileks ba, fileks ya fi sauri kuma yana fitar da hoto da launinsa. Amma fileks kowane kwafi sai ka koma birni ka biya, shi kuwa allo sau ɗaya ake biyansa.

Wanda yake son ya gwada, kada ya fara da falanki guda. Ya nemi guntun filawud mai girman littafin rubutu, ya zana dagi ɗaya, ya yanka da wuƙa da hannunsa, ya buga da bayan cokali. A wannan ɗan guntun zai ga wane layi ne yake karyewa, wane rami ne yake cikewa, kuma da wannan sanin zai tsaya gaban mai injin ya gaya masa zurfin da yake so. Wanda ya gwada ya turo mana hoton abin da ya fito, ko da ya cakuɗe. A shiri na gaba za mu taɓa batun tawada, musamman ko baba da sauran rinin gida za su iya zama a kan allo ba tare da sun zube cikin rami ba. Sai mun haɗu.